Ma'aunan Tantance Manhajojin Kwaikwayo a Gwajin Sadarwa Marar Cibiya

1.0 Gabatarwa

Sadarwa marar cibiya ita ce wadda na'urorin tafi-da-gidanka ke miƙa wa juna saƙo ta rediyo ba tare da hasumiya ba, wato kowace na'ura ita ce mai aike kuma ita ce 'yar aike. Irin wannan sadarwa kan yi rana a fagen fama ko inda bala'i ya rushe hasumiyoyi. Da yake tara na'urori masu yawa a fili yana da tsada, masana sukan gwada ƙa'idojin neman hanya, irin su AODV da DSR, a manhajojin kwaikwayo. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ma'aunan tantance waɗannan manhajoji.

2.0 Fitattun Manhajoji

Manhajar ns-2 ta yi tashe bayan 1998, lokacin da masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka ƙara mata sashen rediyo, suka kwatanta ƙa'idoji huɗu da na'urori 50. Magajiyarta, ns-3, ta fito a 2008. Akwai kuma GloMoSim da OPNET da OMNeT++.

3.0 Ma'aunai

Ma'auni na farko shi ne daidaito. A 2002 wasu masana a Lausanne suka gwada ƙa'ida guda a OPNET da ns-2 da GloMoSim, sai sakamakon ya sha bamban, domin kowace da yadda take siffanta tafiyar saƙo a iska.

Na biyu shi ne tsarin motsi. Wani nazari na Jami'ar Michigan a 2003 ya nuna cewa idan aka bar na'urori su zaɓi zango da gudu bisa kaci-ɓus, matsakaicin gudunsu kan yi ta raguwa, saboda masu nawa sukan daɗe ba su isa zango ba. Ke nan ƙa'ida za ta iya samun yabon da ba ta cancanta ba.

Na uku shi ne maimaituwa. Wani bita na 2005 a kan maƙalun taron MobiHoc ya gano cewa ƙasa da kashi 15 cikin 100 ne ake iya maimaita gwajinsu.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya wajaba mai bincike ya fayyace sigar manhajarsa da duk saitinta, ya gwada a fiye da manhaja ɗaya, sannan ya tabbatar a fili. Gani ya kori ji, musamman inda rayuka suka rataya a kan isar saƙo.