Damina da Sauro a Ƙauyukan Kankiya da Kusada

Da wuya ka ratsa ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada ba ka tarar da kududdufi a gefen gari ba. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje, kuma har yau nan ake buga tubali da rani. Idan ruwa ya zauna a watan Yuni sai ramin ya fara cika, kafin marka ta kankama a Agusta ya zama tafki. Yara na wanka, 'yan mata na wanki, shanun huɗa na shan ruwa in an taso daga gona. A bakinsa kuwa, cikin sawun kofato da 'yan ramukan da rana ke bugawa, macen sauro ke zuba ƙwai. Kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwan ya zama sauro mai fiffike.

Lokacin da sauron ke yawaita shi ne lokacin da magidanci ya fi rauni. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ɗan kuɗin hannu ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. Daga Agusta zuwa Oktoba, layin mata masu goyo a ƙaramin asibitin ƙauye yakan kai har waje, wanda jikinsa ya tsananta kuma a ɗora shi a babur zuwa babban asibitin Kankiya. Wannan wahala ba ta yankin nan kaɗai ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. Binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin ɗari na ƙananan yara, bayan ta kai kashi 42 a 2010. An samu sauƙi, amma yaron ƙauye ya ninka na birni haɗari.

A da, in yaro ya kwanta da zazzaɓi a wannan lokaci, sai a ce dukan ruwa ne, ko sabuwar masara ya ci. In ya kai ga jijjiga, a ce iska ce, a nemi hayaƙi da rubutu. Yanzu rediyo da ma'aikatan lafiya, waɗanda da yawansu a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya suka yi karatu, sun kai maganar sauro kowane zaure. Abin da bai gama shiga ba shi ne cewa sauro iri-iri ne. Mai kuka a kunne, wanda ke tashi daga baƙin ruwan kwata da masai, ya fi hana barci. Mai kawo maleriya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili, cizonsa kuma tsakanin magariba da asuba ne. Akwai na uku mai cizo da rana, wanda ke hayayyafa a tsohuwar taya, fasasshen tulu da randar da ba murfi. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara, wanda ya ɓulla a jihar Katsina a 2019 har aka yi gangamin allurar rigakafi.

Babban sauyin da ƙauye ya gani shi ne maganin rigakafin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara gwada shi a 2013 a arewacin jihar nan, a ƙananan hukumomi irin su Baure da Mashi, daga baya ya game jihar. Sau ɗaya a wata, tsawon watanni huɗu na damina, masu rabo kan bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Mata ne ke shiga ciki, domin ba kowane namiji ke wuce zaure ba. A yi sallama, a gaisa, sai ka ji mai rabo na cewa, "Uwargida, yara nawa ne ba su kai shekara biyar ba? Akwai mai zazzaɓi a cikinsu?" Mai zazzaɓi ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Sauran a jiƙa musu ƙwayoyin ranar farko a cokali su sha a gabanta, ta cika kati, ta bar wa uwa ƙwayoyi biyu: ɗaya gobe, ɗaya jibi.

A waɗannan ƙwayoyi biyu ake cin riba ko a yi asara. Wata uwar ta ga yaro ya yi amai ranar farko sai ta fasa. Wata ta ƙulle su a gefen zane ta ce sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta raba da ɗan kishiya da ya wuce shekarun. Alhali kariyar wata guda ba ta samuwa sai yaro ya sha na kwana ukun cif. Gidan da maigida ke tambaya da dare, "An ba su na yau?" ya fi gidan da aka bar wa uwa ita kaɗai.

Haka labarin gidan sauro yake. Ana raba shi kyauta, amma kana zagayawa za ka gan shi a shingen lambu, ko an lulluɓe 'yan tsaki da shi don shirwa. Masu ƙin sa na cewa zafi, ko ƙaiƙayin fuska. Ƙaiƙayin yana da magani: a shanya sabon a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. In za a wanke, da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. In ya yage a ɗinke. Zafin kuma gaskiya ne, shi ya sa masu dabara ke kafa sanduna huɗu a tsakar gida su ɗaura shi a kan tabarma. Igiyar leko, hayaƙin ɓawon lemu da ganyen ɗoɗɗoya na kora na ɗan lokaci, amma ba sa kaiwa asuba, fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalba kuwa guba ce a ɗakin da jariri ke kwana. Waɗanda aka fi mantawa su ne almajirai da samarin da ke kwana a zaure, da masu hira a majalisa har tsakar dare.

In zazzaɓi ya riga ya shigo, ƙafa ta fi saurin zuwa kemis. Nan ake yanko ƙwayoyi gwargwadon kuɗin hannu, a sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi a daina. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorakwin ta koma maganin haɗi na kwana uku, gwajin ɗigon jini kuma ba ya wuce minti ashirin. Mai juna biyu na da nata rigakafin a wurin awo, daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Allurar rigakafin maleriya da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 ƙari ce a kan waɗannan, ba ta maye gurbinsu ba.

A cikin garin Kankiya matsalar ta ɗan sauya kama. Can lambatun da leda ta toshe ne, da tankin ruwa a buɗe, da ramukan da magina ke bari a sababbin unguwanni. Amma gari da ƙauye sun haɗu a abu ɗaya: ruwan da ya kwanta a bayan katanga ba shi da mai shi. Kowa na share tsakar gidansa ya tura ruwan waje, sauron kuma bai san iyakar gidan kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban kududdufi ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma cike ƙananan ramuka, yashe magudana da kife tsofaffin tukwane aikin safiya ɗaya ne ga samarin unguwa.

Don haka kira na ga masu unguwanni, dagatai da limamai: a sa ranar gayyar yashe magudanai tun kafin ruwan farko, a maimaita a tsakiyar damina, a kuma sanar da ranakun rabon magani a masallaci bayan sallar Juma'a. Kai kuma maigida, ka tabbata kowane yaro ya shanye ƙwayoyinsa na kwana uku, mai ciki ta je awo, kuma kowa a gidanka ya kwana cikin gidan sauro.