Ciwon Ƙugu Da Hawan Keke: A Duba Sirdi Kafin A Sayi Magani

Ko da yake babur ya cika gari, har gobe keke bai bar sana'armu ba. Dillalai da yaranmu masu shiga ruga neman shanu a kewayen Dapango da Sinkase, da masu kai kanwa da dusa a Zangon Sokode, da yawansu keke suke hawa, tunda ba ya shan mai. To amma kukan da muke yawan ji a kara shi ne ciwon ƙugu. Mutum ya sauko ya kasa miƙewa, ruku'u ma sai da dabara, balle a ce ya riƙe igiyar sa. Sai a ɗora wa tsufa laifi, a yi ta shan ƙwaya, alhali sau tari keken ne ba a daidaita shi da jikin mai shi ba.

Babban abin dubawa shi ne tsawon sirdi. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, kuma ba ka karkata ba, to ya yi daidai. Ka ga idan ka koma tuƙi da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. In sirdi ya cika tsawo, ƙugu zai riƙa rangaji dama da hagu a kowane tako. Daga Dapango zuwa Sinkase bai kai kilomita 40 ba, amma ka lissafa sau dubu nawa ƙashin baya zai murɗe kafin a isa. In kuma ya yi ƙasa, gwiwa ta sha wuya, baya ya tanƙware. Wannan ya fi samun gidan da mutum uku ke karɓa-karɓa da Phoenix ɗaya. Sifana ba ta da tsada, kowa ya yi wa kansa alama a jikin ƙarfen sirdi.

Sai bakin sirdi. Tsofaffin sirdunan nan masu sifirin sukan zauna ta baya, baki ya ɗaga sama. A kwance noti a mai da shi daidai, ko a ɗan sunkuyar da bakin. A 1999 wasu likitoci sun buga bincike a wata mujalla ta Ingila, inda suka sunkuyar da bakin sirdi, kuma yawancin masu ciwon suka sami sauƙi. Amma kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa sai ka riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma hannu.

Kan keke kuwa, in sai ka miƙe hannu ƙwarai kafin ka kamo shi, a ɗaga shi. Kada dai a wuce layin da aka zana a jikin ƙarfen, yana iya karyewa. Masu birkin ƙarfe su je wurin mai gyara, domin in kai ya tashi dole a sake saita birki.

Kaya a ɗaure su a kariya, ba a goya ba. A hawan tudu da buhu, kamar na wajen Alejo, sauka ka tura ba abin kunya ba ne.

A gyara abu ɗaya, a hau kwana uku ko huɗu, sannan a taɓa na gaba. Wanda ciwonsa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya rikice masa, wannan ya wuce sifana. Ya ajiye keken ya tafi babban asibitin Sokode ko na Dapango ba da jinkiri ba.