Yadda Gadar Da Ke Juyawa Take Ba Jiragen Ruwa Hanya

Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, manoman wannan yanki suka riƙa kai auduga da gyaɗa tasha, daga nan sai Ikko, sai ƙasar Ingila. Cibiyar masaƙun Ingila a wancan zamani ita ce birnin Manchester, wanda ba ya bakin teku. Saboda haka aka haƙa masa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 58, aka buɗe shi a 1894, domin manyan jirage su riƙa isa har cikin gari.

Wannan mashigi ya ratsa hanyoyin da jama'a suka saba bi. Gada irin wadda muka sani a kan kogin Gagare za ta tare wa jirgi hanya, don haka aka gina gadojin da ke juyawa gefe. A unguwar Barton akwai guda biyu kusa da juna, dukkansu a kan wani tsibiri da aka gina a tsakiyar ruwa.

Sirrin aikin duk yana ga daidaito. Idan gadar ta juya, bakunanta biyu suna reto ne a iska, ba abin da ya tallafe su, nauyin gaba ɗaya ya koma kan ginshiƙin tsakiya. Duk wanda ya ga mai ga-ruwa ya rataya garwa biyu a sanda ya san dokar: in ɗaya ta fi ɗaya nauyi, kafaɗa ce za ta faɗa masa. Shi ya sa ake yin hannuwan gadar tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Inda wuri ya ƙure har hannu ɗaya ya gajarta, sai a ɗora masa ƙarfe ko kankare, kamar dai curin laka da masu lambu a fadamun Shinkafi da Zurmi suke ɗaura wa gindin jigo don ya rinjayi guga. Daidaiton hannuwan yana taimakawa wajen iska ma, domin ƙarfin da take tura wannan gefe da shi, da shi take tura wancan.

Ɗaya daga cikin gadojin Barton abin mamaki ce, don kuwa kwami ne na ƙarfe mai ɗauke da wata ƙaramar hanyar ruwa. Ana rufe bakunansa, a juya shi da ruwan da ke ciki, kimanin tan 800. Yana zaune a kan gangunan ƙarfe 64 da aka jera a da'ira, kowace ganga ta fi kauri ta waje, saboda gefen waje ya fi na ciki nisan zagaye. Da an yi su kauri ɗaya, da sun riƙa gogawa suna cinyewa.

Bayan jirgi ya wuce, gadar takan dawo mazauninta, a cusa weji a ƙarƙashin bakunanta, a kulle. Sai an yi haka ake barin mota ta hau, in ba haka ba nauyinta zai karkata gefe guda.

A nahiyarmu ma akwai irinta. A 2001 ƙasar Masar ta buɗe gadar jirgin ƙasa ta El Ferdan a kan mashigin Suez. Ita ba ta da tsibiri: rabi yana wannan gaɓa, rabi a waccan, kowane a kan ginshiƙinsa, su juyo su haɗu a tsakiya, tazarar mita 340 tsakanin ginshiƙan biyu.