Dutsen da Ake Fara Sauka Kafin a Hau: Yini Guda a Kwazazzabon Grand Canyon

Yaushe rabonki da tafiyar awa guda a ƙasa, wadda ba ta kasuwa ba ce, ba ta kai yara makaranta ba? Ni da aka yi mini wannan tambayar shekara uku da suka wuce, shiru na yi. Aikin jinya nake yi a jihar Arizona ta Amurka, a tsaye nake yini, amma in na hau bene hawa biyu sai na tsaya ina haki. Da na ga jinina ya fara hawa, sai na soma fita tattaki a ranakun hutu. Tattakin nan ne ya kai ni Grand Canyon, inda ƙanwata ta kusa halaka a gabana, kuma laifin nawa ne.

Wane irin wuri ne?

Wani makeken kwazazzabo ne da Kogin Kolorado ya shafe miliyoyin shekaru yana zaizaya. Tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800, kuma tun 1919 gwamnatin Amurka ta keɓe shi a matsayin gandun ƙasa. Bakinsa na kudu, inda yawancin baƙi ke sauka, yana kan tudu mai kimanin mita 2,100 daga teku, ga itatuwa ga iska mai sanyi. Can ƙasa kusa da kogin kuwa hamada ce zalla, inda zafi kan haura digiri 40 a inuwa a watannin bazararsu. Kamar ki tashi da safe cikin sanyin Jos ne, ki gangara da ƙafa, kafin azahar ki tsinci kanki a Sakkwato a watan Afrilu.

Ga inda tarkon yake. Idan Dutsen Dala za ki hau, wahalar ce a farko. In kin gaji sai ki juya, gangara ta kawo ki gida. A kwazazzabo gangarar ce a farko. Kina sauka da ƙarfinki, cikin sanyin safiya, ana hira ana ɗaukar hoto. Kowane taku bashi ne kike ci, kuma da rana tsaka za ki biya shi, a gajiye. Masu kula da gandun suna cewa hawa kan ci ninki biyu na lokacin sauka, suna kuma gargaɗin kada kowa ya ce zai je kogin ya dawo a yini ɗaya.

Yadda ragon dutse ya ja mu

A ƙarshen watan Mayu muka je, ni da maigida da ɗanmu mai shekara goma da ƙanwata. Muka bi turbar da ake kira Bright Angel. Shirinmu mu tsaya a rumfar hutawa ta farko, mai nisan kilomita 2.4, mu juyo. Ƙarfe bakwai muka fara, kafin takwas mun isa, ko gumi ba mu yi ba.

Muna zaune sai yaron ya nuna wani gefen dutse. Rago ne na daji, toka-toka, ƙahoninsa sun nannaɗe har sun kusa taɓa kumatunsa, yana tsaye a wurin da ko akuya sai ta yi tunani. Ya dube mu, ya gangara abinsa.

"Umma, mu ƙara gaba kaɗan mana, ko za mu sake ganinsa."

Maigida ya dubi agogo, ya dube ni. Ni ce nas, ni aka bar wa hukunci. Na ce mu je.

Rumfa ta biyu tana kilomita 4.8 daga sama, an sauko fiye da mita 600. Ƙarfe goma saura muka juyo. Ba mu yi nisa ba ƙanwata ta zauna a kan dutse ta dafe kai. "Yaya, kaina kamar zai tsage, ga tashin zuciya." Na miƙa mata ruwa, don abin da ya fara zuwa mini ke nan. Ta ce ai ta shanye gora huɗu, sau uku tana zagawa, fitsarin fari tas. Na tambaye ta me ta ci. Shayi kawai, tun asuba, wai tana rage ƙiba. Nan gabana ya faɗi, na janye gorar.

Ruwa kaɗai ba ya isa

Ki riƙe wannan, ko ba za ki taɓa zuwa Amurka ba. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya yi awanni yana zufa, yana ɗura ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa sai ya tsinke. In abin ya yi tsanani ruwa kan shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya rikice, ya yi jijjiga, har ya rasa ransa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamominsa na farko sun yi kama da na ƙarancin ruwa: ciwon kai, amai, kasala. Sai ki yi tambaya biyu: nawa ya sha, me ya ci? Ki kuma tambayi fitsari. Mai ƙarancin ruwa fitsarinsa kaɗan ne, launinsa ya yi duhu.

Muka mai da ita inuwar rumfar, muka jiƙa mayafinta muka lulluɓa mata, na hana ta ruwa zalla. Da amai ya lafa na riƙa ba ta gyaɗa mai gishiri da biskit kaɗan-kaɗan. Ina yi ina tambayarta sunanta da ranar da muke ciki, domin da ta fara sambatu, to magana ta wuce gyaɗa, sai neman agajin gaggawa. Wata ma'aikaciyar gandun da ke sintiri ta duba ta, ta ce kada mu motsa sai ƙarfe huɗu. Shawararsu ke nan a lokacin zafi: daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, a nemi inuwa. Awa shida muka yi a nan. Sai da rana ta kusa faɗuwa muka fito sama, muna taku ashirin muna tsayawa.

Ki sa waɗannan a ranki:

Ki yanke inda za ki juya tun kina sama, ki faɗa wa kowa, kada daɗin hanya ko roƙon yaro ya sauya shi. Mafi rauni a cikinku shi ne ma'auni.

Kashi ɗaya cikin uku na lokacinki na sauka ne, kashi biyu na hawa.

Duk sanda aka sha, a ci. Gyaɗa mai gishiri, kilishi, dabino, biskit. Ki sa ƙullin ORS a jaka.

Kada ki dogara da famfon hanya. Na rumfunan nan ba duk shekara suke aiki ba, bututun ma kan fashe. Turbar South Kaibab kuwa babu ruwa a kanta sam.

Yaro ba ya cewa ya gaji sai ya faɗi. In mai surutu ya yi shiru, ko ya fara tuntuɓe, a tsaya.

Wanda jikinsa ya yi zafi rau kuma ya rikice, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, a kira agaji nan take.

Kada ki shiga matsattsen kwazazzabo in akwai hadari, ko da nesa ne. A 1997 ambaliya ta kashe baƙi 11 a Antelope Canyon, nan Arizona, ruwan kuma can wani wuri aka yi shi.

Dabbobi na mai haƙuri ne

Abin mamaki, a zaman dolen nan muka fi ganin dabbobi. Ƙadangaru suka fito, hankaki suka yi ta shawagi. Can da yamma wata inuwa ta gifta, muka ɗaga kai: ungulun Kaliforniya ce, wadda suke kira kondo. In ta buɗe fukafukanta sukan kusa mita uku. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya. Aka kama sauran aka yi ta kiwonsu, sannan a 1996 aka fara sakinsu a arewacin Arizona. Har yau babban abin da ke kashe su shi ne gubar dalma daga harsashin da ke cikin mushen da suke ci. Da madubin hangen nesa yaron ya karanta lambar da aka maƙala mata a fiffike, ya rubuta a littafinsa. Ragon da muka bi kuwa, ba mu sake ganinsa ba.

In dabbobi kike son nuna wa yara, ki fita da sassafe ko da yamma, ku zauna shiru. Dokar gandun ita ce a bar tazarar mita 30 tsakaninki da manyan dabbobi irin su barewa da ragon dutse. Akwai macizai masu kaɗa jela tana ƙara, don haka kada yaro ya zura hannu a ƙarƙashin dutse. Sai dai dabbar da ta fi raunata baƙi a wurin kurege ne. Mutane sun saba masa da abinci, yaro ya miƙa hannu, ya sha cizo. Idan kuma ayarin alfadarai ya taho, ku raɓe ta gefen dutse ku tsaya cik har su wuce.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Hawa yana ƙarfafa zuciya da huhu, sauka kuma cinyoyi da gwiwoyi take ba wa aiki, shi ya sa sai washegari ake jin tsamin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Da wannan za ki fara, ki haɗa da hawa bene. Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko juna biyu, ta fara ganin likita. Mai goyo kuma ta tsaya a turbar da ke bin bakin kwazazzabon daga sama. Wani sashenta a shimfiɗe yake, har keken jariri ana turawa.

Ba sai kin yi biza ba. Ga Dala a Kano, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Shere a Jos. Ki nemi wurin da ke da tsaro, ki haɗa 'yan'uwa, ki sanar da na gida lokacin dawowarki.

Ƙanwata ta warke sumul, har mun koma a watan Oktoba. Da muka isa rumfar farko yaron ya dube ni, na dube shi, ya ɗauki jakarsa ya juya da kansa.

Ke fa, wane dutse ne kusa da garinku, kuma me kike sa wa yara a jaka in za ku fita? Ki bar mana amsa a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.