Mamban da Babu Komai a Cikinsa

A manyan kwamfutocin kamfanin IBM, irin waɗanda bankuna da kamfanonin jiragen sama suka daɗe suna dogaro da su, akwai wata irin ma'ajiyar bayanai da ake kira PDS, wadda ta zo tare da tsarin OS/360 a shekarun 1960. Ma'aikata kan ce mata laburare. Rumbu guda ne a kan faifai, amma an kasa shi gida-gida. Kowane gida ana kiransa mamba, kuma sunansa ba ya wuce haruffa 8. A farkon rumbun akwai fihirisa mai riƙe da sunan kowane mamba da adireshin wurin da ya fara.

Wani lokaci akan buƙaci mamban da ba shi da ko layi ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ayyukan da aka jera su gudana cikin dare sukan nemi mamba da sunansa. In babu sunan a fihirisa, sai aikin ya katse da lambar kuskure 013, sauran ayyukan da ke jiransa su tsaya cik. In kuwa sunan yana nan, shirin zai ci karo da alamar ƙarshen bayani nan take, ya wuce abinsa.

Sabon ma'aikaci yakan yi saurin ɗauko IEFBR14, wani ɗan shiri da ba ya yin komai, wanda ake amfani da shi wajen keɓe fili a faifai. Aikin zai ƙare lami lafiya, amma mamba ba zai samu ba, domin suna ba ya shiga fihirisa sai an buɗe mamban don rubutu, sannan an rufe shi. Shirin kwafa mai suna IEBGENER shi ne ya dace: a layin SYSUT1 sai a rubuta DUMMY, wato babu abin kwafa, tare da siffar layukan da ta yi daidai da ta rumbun, a SYSUT2 kuma a saka sunan laburare da na mamban.

Wajibi ne a duba fihirisa tukuna, don in akwai mamba mai wannan suna, fankon zai maye gurbinsa. Mafi muni shi ne rubuta DELETE a umurnin DISP da nufin goge mamba ɗaya: tsarin laburaren yake kallo, ba mamban ba, saboda haka rumbun baki ɗaya zai share.