Ɗaukar mai tsaron lafiya a birnin Paris: abin da doka ta yarda da shi

Cikin daren 2 zuwa 3 ga watan Oktoba na 2016, wasu mutane saye da kayan ƴan sanda suka kutsa masaukin tauraruwar Amurka Kim Kardashian a birnin Paris, suka ɗaure ta, suka kwashe kayan ƙawa na kimanin yuro miliyon 9, wato kusan miliyar 6 na sefa. Tana da mai tsaron lafiya, amma a daren ya raka ƴan uwanta mata gidan rawa. Shekaru biyu kafin nan, a watan Agusta na 2014, ƴan bindiga sun tare ayarin motocin wani yariman Saudiyya a kan hanyarsa ta zuwa filin jirgin Le Bourget, suka tafi da yuro 250.000.

Irin waɗannan labarai ne ke sa manyan ƴan kasuwa da shugabannin kamfanoni neman mai gadinsu in za su babban birnin Faransa. Sai dai aikin a can yana da ƙa'idojin da ya kamata matafiyi ya sani tun kafin ya biya ko dala.

Wa ke da izinin yin aikin?

A wajenmu, in an ce dogari, sai a tuna ƙato mai ja da kore a bayan Sarkin Damagaram, ko wani amintaccen yaron gida da Alhaji ke tafiya da shi. A Faransa kuwa sana'a ce mai lasisi. Hukumar CNAPS, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida kuma ta fara aiki a 2012, ita ke ba kamfani izini, ita ke ba kowane ma'aikaci katin aiki na shekaru 5, bayan ya yi horo an kuma binciki tarihinsa.

Katin mai gadin kanti daban, na mai tsaron lafiyar mutum daban. Tun daga dokar 25 ga Mayu 2021, baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya shekara 5 da takardar zama a ƙasar, kuma yana jin Faransanci, kafin a ba shi katin. Ke nan wanda ka taho da shi daga Maraɗi ko Yamai zai iya riƙe maka jaka, amma ba shi da hurumin yin aikin tsaro.

Yana iya riƙe bindiga?

Galibi a'a. Daga 1 ga Janairu 2018 ne doka ta buɗe wannan ƙofa, kuma ƴar siririya ce: sai ministan cikin gida ya ba da izini, bayan an tabbatar rayuwar mutumin na cikin haɗari na musamman. Yawan dukiya kaɗai bai isa hujja ba.

Mai tsaron kuma ba ɗan sanda ba ne. Ba ya tare hanya, ba ya tambayar mutane takardunsu. Yana da ikon kare kai da kare wanda yake tsaro daidai gwargwadon barazanar, kuma kamar kowa yana iya riƙe ɓarawon da aka kama dumu-dumu har ƴan sanda su iso. Shugabanni da manyan baƙin gwamnati kuwa, wani sashen ƴan sandan ƙasa mai suna SDLP ne ke tsaronsu.

To me ake saye da kuɗin?

Shiri ake saye, tun da rigakafi ya fi magani. Kamfanin kirki zai nemi jadawalin tafiyarka tun kana gida, ya duba otel ɗin da ƙofofinsa, ya zaɓi direba, ya tsara hanya biyu ko uku. Babbar hanyar A1 da ta taso daga filin jirgin Charles de Gaulle ta yi ƙaurin suna wajen ɓarayin da ke fasa gilashin mota a cunkoso su fizge jaka. Mutum ɗaya kuma ba ya iya tsaro dare da rana; in kana son awa 24, sai ka biya masu karɓa-karɓa. Darasin daren 2016 ke nan.

Kafin ka sa hannu

Ka nemi lambar izinin kamfanin, wadda doka ta ce ta fito a kan takardunsa. Ka nemi lambar katin kowane ma'aikaci, ka duba ingancinta a shafin intanet na CNAPS. A rubuta yawan mutane, awoyi, mota da farashi. Duk wanda ya yi maka alkawarin bindiga cikin sauƙi, ka yi nesa da shi.

Sauran aikin naka ne. Tsabar kuɗi daga yuro 10.000 zuwa sama, wato kimanin sefa miliyon 6 da rabi, dole a bayyana wa duwan a filin jirgi. Agogo mai tsada ya zauna a aljihu, kuma kar ka sa hoton masaukinka a Facebook ko WhatsApp sai ka baro shi. In wani abu ya faru, lambar ƴan sanda 17 ce, ko 112 daga kowace salula.