Kundin kufai: abin da za a buɗe wa jama'a da abin da za a tsare

1. Matsalar

Kundin kufai shi ne takardun da masu binciken kayan tarihi kan ajiye game da wurin da suka tona: taswira, hotuna, lambar kowane abu, da zurfin da aka same shi. Jama'a na da haƙƙin sanin abin da ke ciki, tun da gadonsu ne. Sai dai takardar da ke ilmantar da ɗalibi tana iya nuna wa ɓarawo hanya.

2. Darasin Bura

An gano makabartar Bura, a yankin Tera, cikin 1975. A 1983 Bube Gado na cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai ya tona ta, ya samu tulunan jana'iza sama da 600 a kife, da mutum-mutumin wani mahayin doki. Bayan nunin "Vallées du Niger" da aka buɗe a Paris cikin 1993, dillalan Turai suka san darajar kayan, sai tonon sata ya bazu a kufan yankin. Nijar ta kafa doka mai lamba 97-022 ran 30 ga Yuni 1997 don kare kayan gado, kuma a 2000 ƙungiyar ICOM ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗi a kan sayensu.

Hasarar ta wuce ta tulu. Abin da aka tumɓuke ba tare da rubuta muhallinsa ba ya rabu da ƙasa da gawayi da ƙasusuwan da za a auna a san shekarunsa.

Amma ɓoye kundi kaɗai ba magani ba ne. Mazauna yankin sun san wuraren ba tare da taswira ba. Kuɗin masu saye ne ya jawo tonon. Bugu da ƙari, abin da ke da hoto da lamba shi ne jandarma ko ɗan duwan zai iya shaidawa, shi ne kuma ƙasa za ta iya nema a maido mata.

3. Shawara

Ya kyautu a kasa kundin kashi uku:

a) tarihin wurin da hotunan kayan: a buɗe su ga kowa;
b) cikakken jerin kaya da lambobinsu: ga masu bincike, gidajen tarihi da jami'an iyaka;
c) takamaiman matsayin wuraren da ba a tona ba: a tsare, sai da izini.

Kashi na farko ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Littattafan karatu cikin Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa za su iya bayyana tarihin da dokar, su ambaci yanki ba tare da nuna gurbi ko farashi ba, su kuma faɗa wa manomin da garmarsa ta tono tulu hukumar da zai sanar. Wannan na buƙatar a fara daidaita kalmomi kamar "kufai", "tono" da "kayan gado" tsakanin masana harshe da masana tarihi.